Baƙunta a Jamus: ta ina ake shiga cikin mutanen gari?

Bazazzagi:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, iyaye da yayye. Ni sabon zuwa ne, na shigo a watan Oktoba don karatun digiri na biyu a fannin injiniya, a wani gari da ke gabashin Jamus. Maganar takardu ta kammala alhamdu lillahi, na yi rajistar adireshi, na buɗe asusun banki, inshorar lafiya ma ta fito. Abin da ya gagare ni shi ne mutane. In na haɗu da maƙwabci a matakalar bene na gaishe shi, kalma ɗaya zai faɗa ya wuce, wani ma kai kawai zai gyaɗa. A aji da Turanci ake koyar da mu, ana tashi kowa ya kama gabansa. Ban taɓa shiga ɗakin Bajamushe ba, ba kuma wanda ya taɓa leƙo nawa. Daga makaranta sai ɗaki, daga ɗaki sai waya da mutanen gida. Ga shi yanzu ƙarfe huɗu na yamma duhu ya rufa. Ku da kuka daɗe, ta ina kuka shiga cikin mutanen nan? Ko kuwa haka ake zama har a gama a koma?

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Sannu da zuwa ƙanena, Allah ya sa ka shigo a sa'a. Lokacin da ka zo ne ya ƙara maka nauyin abin, don daga Nuwamba zuwa Fabrairu su kansu Jamusawan a ɗaki suke lafewa. Ina bakin aiki, in na tashi zan dawo.

Injiniyan Stuttgart:
Barka da zuwa ɗan'uwa. Tambaya ɗaya tukuna: ina Jamusancinka ya kai?

Bazazzagi:
Gaisuwa da ƙirga kuɗi a kanti ne kawai, Yaya. An ce mana tunda karatun da Turanci ne ba dole ba ne.

Injiniyan Stuttgart:
To wanda ya faɗa maka haka, maganar takardar digiri ya yi maka, bai yi maka maganar zaman gari ba. Da Turanci za ka ci jarrabawa, amma tsohuwar da ke hawa na biyu a gidanku ba za ta yi hira da kai da Turanci ba. Musamman a gabas inda kake, waɗanda suka yi makaranta kafin a haɗe ƙasar a 1990 Rashanci aka koya musu, ba Turanci ba. Wani da kake ganin ya share ka, wallahi kunyar kasa amsa maka ce ta sa ya wuce da sauri. Jami'arku tana da cibiyar koyar da harsuna, ka je ka yi rajista tun kafin gurbi ya cika. In babu gurbi, kusan kowane gari yana da makarantar manya da ake kira Volkshochschule, da yamma ake yi kuma kuɗinta da sauƙi.

Abu na biyu, kuma shi na fi so ka riƙe. A gida mutum yana samun abokai ne a ƙofar gida, a majalisa, a masallacin unguwa, wurin mai shayi. Nan ba a zaman ƙofar gida. Majalisarsu ita ce ƙungiya, abin da suke kira Verein. Akwai irinsu sama da 600,000 masu rajista a ƙasar nan: ta ƙwallon ƙafa, ta ninƙaya, ta masu keke, ta masu lambu, ta masu kiwon zuma, ta masu dara irin tasu, har ta masu hawan dutse. Mutum bakwai suka haɗu suka rubuta tsarin mulkinsu, sun isa su yi rajistar ƙungiya. A nan Bajamushe yake sakin jiki. Wanda ya wuce ka a matakala ba murmushi, shi ne za ka gani ranar Talata da daddare a filin ƙwallo yana ihu yana dukan kafaɗar abokan wasansa.

Dalilin kuwa, su ba sa amincewa da mutum don ya iya gaisuwa. Sai sun ga kana zuwa kowane mako, kan lokaci, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, an ce ka ɗauko raga ka ɗauko, an ce yau kai ne da wankin riguna ka wanke. A hankali za ka ji an fara tambayarka ina ne garinku, wata rana wani ya ce ka zo ka taya shi tashi daga gida. Ranar da Bajamushe ya ce ka zo ka taya shi ɗaukar kujeru, ka shiga ke nan. Ni abokina na farko a ƙasar nan mai tsaron ragarmu ne, yau shi ne yake riƙe min makullin gida in na tafi Kano.

Baban Zango:
Salamu alaikum. Injiniya ka yi magana mai kyau, amma ka fara daga sama. Yaro ya ce yana cikin kaɗaici, kai kuma ka tura shi wurin mutanen da sai an shekara kafin su san sunansa. Ɗana Bazazzagi, ni tun shekarun 1990 nake Hamburg, daga Zangon Kumasi na taso. Abin da zan gaya maka, ka fara neman naka. Ka nemi masallaci, ka nemi baƙar fata ɗan'uwanka, ka nemi inda ake jin Hausa. Nan Hamburg mutanen Gana sun fi yawa a kan kowane gari na Jamus, ga 'yan Nijar, ga 'yan Togo, ga 'yan Najeriya. Ka fito babbar tashar jirgi ka bi titin Steindamm, masallatai ne da shagunan naman halal a jere. Ranar suna muna tare, ranar aure muna tare.

Kuma akwai ranar da ba a so a faɗa. Na wanke gawar 'yan'uwa a ƙasar nan da hannuna. Wanda ya yanke kansa daga jama'arsa yana cewa shi ya waye, ranar da ya faɗi sai a rasa wanda zai kira iyayensa a waya. Binne mutum a nan dubban Yuro ne, kai shi gida ma haka. Jama'a ce ke haɗa kuɗin. 'Yan ƙwallo za su kawo fure, Allah ya saka musu, amma ba su san wanka da likkafani ba.

Injiniyan Stuttgart:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ban ce ya bar jama'arsa ba, kuma maganar jana'iza gaskiya ce tsantsa. Amma Baba kai ma shaida ne, akwai waɗanda suka shekara ashirin a nan, wasiƙa in ta zo daga ofishin baƙi sai sun nemi yaro ya karanta musu. Likita na magana kan jikinsu, ɗansu ɗan shekara goma ne tafinta. Wannan zaman ne nake guje masa. Sannan shi ba a Hamburg yake ba. Garinsu wataƙila Hausawan ba su cika mota ɗaya ba.

Baban Zango:
Waɗanda kake faɗa ba su samu damar da kuka samu ba. Lokacin da muka zo ba wanda ya ba mu aji. Kwas ɗin koyon Jamusanci da gwamnati ke biya sai 2005 aka fara shi. Mu aiki muka faɗa, daga sito zuwa kicin ɗin otal. Kada ku raina su.

Injiniyan Stuttgart:
Haka ne Baba, ban raina su ba. Su suka share mana hanya.

Maman Ikram:
Na dawo. Ni ta wajen maƙwabta zan ɗauko, don nan na fi sani, kuma nan ne ƙanena ya ce abin ya fi damun sa.

Ka gane cewa gaisuwar da kake samu, kalma ɗayan nan, ita ce cikakkiyar gaisuwarsu. Babu ina gajiya, ina iyali, ya sanyi, ya kwana biyu. In ka tambayi Bajamushe lafiyar iyalinsa alhali bai san ka ba, mamaki zai yi me ya haɗa ka da su. Ba wulaƙanci ba ne, kada ka riƙe su da shi, kuma kada ka fasa gaishe su.

Su ta wani wajen suke auna maƙwabci. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, ranar Lahadi kuma gaba ɗayanta. Kantuna ma a rufe suke ran Lahadi sai na tashar jirgi da gidajen mai, don kundin tsarin mulkinsu ya kare ranar a matsayin ranar hutu. To mu kun san mu da waya. Mutum ya kira gida sha ɗayan dare, ya saka a lasifika, ana dariya ana shewa da 'yan'uwa. Bangon gidajen nan ba ya ɓoye murya. Shi maƙwabcin ba lallai ya ƙwanƙwasa maka ba, sai dai ka ga takarda a ƙofa ko mai gida ya rubuto. Sai shara: ta takarda daban, ta roba da gwangwani daban, ta ragowar abinci daban, kwalba kuma can waje ake kai ta a rarraba bisa launi. In mutum ɗaya ya cakuɗa, masu kwashewa na iya barin kwandon, ko a ƙara wa duk gidan kuɗi. Ka ga kuwa dole a ji haushinsa. Wanda ya kiyaye waɗannan, ko bai iya magana ba, an san mutumin kirki ne ya tare.

Ga wata ƙofa da mutane ba su lura da ita. Mai kawo saƙo in bai tarar da mutum a gida ba, maƙwabci yake ba wa ajiya. Kai ɗalibi ne, wani lokacin kana gida da rana. Ka riƙa karɓa. Da yamma mai kayan zai zo da kansa ya danna maka ƙararrawa, ya yi godiya, ya ga fuskarka, ya karanta sunanka. Ni da haka na san kowa a gidanmu. Akwai wata dattijuwa a ƙasanmu, mijinta ya rasu, 'ya'yanta na nesa. Daga karɓar saƙo muka koma ina ɗauko mata ruwan kwalba in zan hau, daga nan ta fara kiran mu shan gahawa da kek ranar Lahadi da la'asar. Ita ta koya wa Ikram karatun agogo da Jamusanci. Da aka kwantar da ita a asibiti, lambata ta bayar a kira. Tsofaffin ƙasar nan da yawa suna cikin kaɗaicin da ya fi naka, ƙanena, su kuma suna da lokacin hira, ba kamar matasan ajinku ba.

Abu ɗaya dai, ba a zuwa gidan mutum ba sanarwa. Ko an saba, sai an sa rana da lokaci. An ce ƙarfe uku, to uku ɗin.

Bazazzagi:
Anti na gode ƙwarai, wallahi na ji sanyi a raina. Ƙwallo kuwa ina bugawa tun ina Samaru. Amma Yaya Injiniya, na ji an ce bayan wasa giya suke sha a ɗakin canza kaya. Ya kake yi da wannan?

Injiniyan Stuttgart:
Suna sha, ba zan ɓoye maka ba. Tun ranar farko na ce musu ni Musulmi ne, ba na shan giya, ba na cin alade. Magana ɗaya, ba dogon bayani. Su mutane ne masu son a fito musu fili, kwana-kwana ce ba sa so. Tun daga nan in za a sayo abin sha sai an haɗo da lemon tuffa saboda ni, ranar gashin nama kuma ana ware min gefe da naman da na kawo daga shagon Baturke. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura.

Abu Sumayya:
A'a Injiniya, a nan kam ban bi ka ba. Wannan karin maganar ita ta kai mutane da yawa ta baro. Yau lemon tuffa ne a teburin giya, gobe an fara jin kunyar tashi salla, jibi yara sun taso ba su san alƙibla ba. Akwai hadisi a kan zama a teburin da ake zagayawa da giya. Mu ba mu zo nan don mu zama su ba. A yi karatu, a yi aiki, a kiyaye doka, a koma gida da mutunci.

Injiniyan Stuttgart:
Malam Abu Sumayya, a filin nan nake shimfiɗa rigata in yi Magariba, suna gani. Ba wanda ya taɓa hana ni.

Malam Na Bonn:
Bismillah. Ku bari in sa baki, don dukkanku kuna da abin da kuka riƙe. Hadisin da Abu Sumayya ya ambata sananne ne, ba a wasa da shi. Wanda ya buga ƙwallonsa, ya yi musabaha da abokan wasa, ya ɗan taɓa hira, aka buɗe kwalabe ya yi sallama ya tafi, ya fita daga shubuha kuma bai rasa abokan ba. Ba dole sai an raba dare tare ake zama abokai ba.

Amma ɗan'uwa Abu Sumayya, “a kiyaye doka a koma gida” bai cika abin da addini ya ɗora mana ba. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta ce Allah bai hana mu kyautata wa waɗanda ba su yaƙe mu ba, da yi musu adalci. Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci za a ba shi gado, kuma malamai ba su keɓe haƙƙin maƙwabtaka ga Musulmi kaɗai ba. Musulmi a ƙasar nan sun haura miliyan biyar, amma Bajamushe da yawa, musamman a gabas, bai taɓa zama da Musulmi sun ci abinci ba. Abin da ya sani a talabijin ya gani. In duk muka kulle kanmu, wa zai nuna masa wani abu daban? Shi ya sa tun 1997 masallatai ke buɗe ƙofa ga kowa ranar 3 ga Oktoba, ranar bikin haɗewar ƙasar.

Kuma a tuna, mutumin Hamburg ne Heinrich Barth, Baturen nan ɗan yawon bincike wanda ya shiga Kano a 1851 ana kiran sa Abdulkarim. Da Hausa da Larabci ya yi hulɗa da sarakuna da malamai da fatake, shi ya sa ya ga abin da Turawan da suka dogara da tafinta ba su gani ba. In shi ya koyi namu a kan raƙumi, mu da ke da aji da malami ba mu da hanzari.

Abu Sumayya:
Malam na karɓi maganar maƙwabci. Maganar ƙungiyoyin nan dai har yanzu ina da ja, musamman ga yaro sabon zuwa da ba shi da kowa kusa da zai tsawatar masa.

'Yar Katsina:
Ina ta karantawa tun ɗazu, na ga an zuba wa abin zuma da yawa. Yaya Injiniya kana Stuttgart, Anti tana yamma, Baba yana Hamburg. Ni a gabas nake kamar mai tambayar, kuma da hijabi nake fita. Ba duk wanda ya ƙi amsa gaisuwa ne kunya ta hana shi ba. Wani ba ya son ganin ka ne, shi ke nan. An taɓa tashi daga kusa da ni a jirgin cikin gari. An taɓa faɗa min magana a tasha wadda ba zan maimaita ba. Neman ɗaki kuwa, a waya a ce akwai, ka je a gan ka a ce an bayar. Na iya Jamusanci, ina raba shara, ina zuwa kan lokaci, duk bai hana ba.

Kuma ba zato ba ne. Jam'iyyar AfD mai ƙyamar baƙi ita ta zo ta ɗaya a zaɓen jihar Thüringen a 2024, a zaɓen tarayya na 2025 kuma ta zo ta biyu a ƙasa baki ɗaya, a jihohin gabas ita ce kan gaba. A garin Hanau, wanda ma yamma ne, mutum tara aka harbe a Fabrairun 2020 saboda asalinsu. Ina faɗar wannan ne don kada ɗan'uwanmu ya yi duk abin da kuka lissafa, wani ya wulaƙanta shi, ya koma ɗaki yana tuhumar kansa ko shi ne bai iya ba.

Maman Ikram:
Gaskiyarki ƙanwata, Allah ya tsare ki. Ni ma a wurin aiki an taɓa samun marar lafiya da ya ce baƙa ba za ta taɓa shi ba. Ban kawo shi ba ne don kada in karya masa gwiwa tun yanzu.

'Yar Katsina:
Na gane Anti. Ni gani nake gara ya sani. Kuma ya san yana da haƙƙi: akwai dokar hana wariya tun 2006, ta shafi aiki da neman gida, akwai ofisoshin da ake kai ƙorafi kyauta, jami'o'i da yawa ma suna da nasu. In abu ya faru ya rubuta rana da wuri da abin da aka ce, ƙasar takarda ce. Ranar da ake babban wasan ƙwallo ko zanga-zangar masu ƙyamar baƙi, ya kauce wa tasha da daddare.

Amma kada a ce na ce duka haka suke. A watan Janairun 2024 dubban ɗaruruwan Jamusawa ne suka fito tituna suna adawa da masu wannan aƙida, har a garuruwan gabas, cikin sanyi. A garinmu na fita, wata mata da ban sani ba ta riƙe hannuna har muka watse. Yanzu ita ce nake zuwa wurinta duk ranar Alhamis, ina gyara Jamusancina, ita kuma tana koyon girkinmu. Ba kowa za ka samu ba, ɗan'uwa. Mutum biyu ko uku na kirki sun ishe ka riƙe gari.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni da Faransanci na zo, ba Turanci, wanga shi ya taimake ni, don ba ni da wurin ɓuya. Kwas ɗin gwamnati na yi, awa 600 na harshe da awa 100 na sanin doka da tarihin ƙasa, anka yi muna jarrabawar B1, watau matakin tsakiya na iya harshe. Ku ɗalibai galibi ba ku cikin wanga tsari, ta jami'a za ku bi. Amma gaskiya ba cikin aji bakina ya buɗe ba. Malamarmu ta ce in tafi Tafel in yi aikin sa-kai. Wuri ne da ake tattaro abincin da kantuna ba su sayar ba a raba ma mabuƙata, a Berlin anka fara shi a 1993, yanzu akwai sama da 900 a ƙasar. Masu aikin yawancinsu tsofaffi ne da sunka yi ritaya. Kana ɗaukar kwandon dankali, tsohuwa na gaya maka sunan kowane ganye, in ka faɗi ba daidai ba ta gyara maka nan take, ba ta jin nauyi. Kuma abin da na fi so, a wurin nan kai ne mai bayarwa. Baƙo kullum shi ke roƙo, a ba shi takarda, a ba shi ɗaki, a yi mashi bayani. Ranar da sunka gan ka kana taimakon talakansu, kallon da suke maka sai ya sake.

Ta nan wani dattijo ya kai ni ƙungiyar masu lambu. Ƙananan filaye ne a gefen gari ake ba da haya da arha, akwai doka kashi ɗaya cikin uku sai an shuka abin ci. Akwai ranar aikin gayya, kowa ya fito a gyara hanya da shinge. Ni ɗan manomi ne, ranar da na kama fartanya sai kowa ya tsaya kallo. Yanzu ina da alayyafo da tumatir da attarugu cikin rumfar leda. Maƙwabcin lambuna yana ba ni tuffa, ni ina ba shi yaji. Layin jira yana da tsawo a manyan birane, amma a gabas inda kake sau da yawa akwai filayen da ba kowa.

In kuma kana da ƙarfin jiki, 'yan kwana-kwana na ƙauyuka da ƙananan garuruwa kusan duk masu sa-kai ne, kuma kullum suna neman matasa. Sai dai can dole harshe ya zauna tukuna, don ba a tafinta wurin gobara.

Baban Zango:
Ɗan Maraɗi ka burge ni. Wannan aikin lada ne ko a wurin Allah. Ni dai ina nan kan bakata, Juma'a kada ta wuce shi. Ko ɗaki ɗaya ne masallacin garin, na Larabawa ne ko na Turkawa, ya je ya gabatar da kansa ga liman, ya ba da lambar wani nasa na gida.

Malam Na Bonn:
Wannan wajibi ne Baba. Kuma shi ma shiga mutane ne, don Baturken da kakansa ya zo aikin masana'anta bayan yarjejeniyar ɗaukar ma'aikata da Jamus ta yi da Turkiyya a 1961 ɗan gari ne, a nan aka haife shi, ya san kowane lungu. Sai dai ya shirya ganin bambanci, Turkawa Hanafawa ne, wasu abubuwan sallarsu ba irin namu na Malikiyya ba ne, huɗuba kuma wani wurin da Turkanci ko Larabci ake yi sannan a taƙaita da Jamusanci. Kada ya ɗauka kuskure suke yi ya tsaya gyara musu.

Maman Biyu:
Don Allah tunda ana maganar, ni matsalata yara ce. An aiko daga makarantar renon yara wai za a yi yawon fitila ranar 11 ga Nuwamba, na hana su zuwa don an ce bikin wani waliyyin Kirista ne, sun yi ta kuka. Ku ya kuke yi?

Mai Kula da Zaure:
Hajiya, tambayarki babba ce, maganar tarbiyyar yara a nan ta cancanci zaurenta daban. Ki buɗe sabon saƙo, Malam da su Maman Ikram za su same ki a can in sha Allahu. A nan mu ƙarasa da ɗalibinmu.

'Yar Katsina:
Akwai abin da ya faɗa tun farko ba wanda ya ɗauka, maganar duhu. Ba ƙaramin abu ba ne. Mu da muka taso cikin rana, jikinmu yana jin rashinta, ga kasala, ga yawan barci, ga ƙunci ba dalili. Ka riƙa fita da rana tsaka ko na rabin awa ne, ko da gari ya lumshe. Ka ce likita ya duba maka sinadarin bitamin D. In ka ga abin ya kai ba ka son tashi daga gado, ba ka son cin abinci, hukumar kula da walwalar ɗalibai tana da masu ba da shawara kyauta, kuma sirri ne, da Turanci ma ana yi. Ka yi addu'a, ka kuma je. Ba raunin imani ba ne.

Bazazzagi:
Allah ya saka wa kowa da alheri, iyaye da yayye. Na duba, akwai ƙungiyar ƙwallo kusa da mu, akwai Tafel ma. Yaya Injiniya, wasiƙa ake rubuta musu ko yaya? Anti kuma, in na yi girki zan iya kai wa maƙwabta, ko za su ga baƙon abu?

Injiniyan Stuttgart:
Ka duba shafinsu, za ka ga ranar atisaye da lambar koci. Ka tura masa layi biyu da Jamusanci, ko da taimakon manhajar fassara ne: sunanka, shekarunka, lambar da kake bugawa, kana so ka zo gwaji. Gwajin kyauta ne. Da sanyin nan wasu a zauren wasanni suke yi, ka tambaya ko takalmin ciki za ka riƙo. Ka isa minti goma kafin lokaci, ka bi su ɗaya bayan ɗaya ka faɗi sunanka. A fili kowa da sunansa na yanka ake kiran sa, har kocin, amma maƙwabta da malamai ka ci gaba da kiran su da sunan iyali har sai su suka ce ka daina.

Maman Ikram:
Za ka iya kaiwa, amma ka nemi dalili, sun fi gane kyauta in tana da dalili. Ƙarshen shekara ya kusa, lokacin da su ma suke ba juna ɗan biskit, ko ka jira Sallah ka ce bikinmu ne yau. Kada ka cika kwano da tuwo da miya, ka fara da abu kaɗan mai sauƙin ci, kamar cincin ko dubulan ko 'yar shinkafa dafa-duka, ka rage yaji sosai. Ka miƙa daga bakin ƙofa, kada ka jira a ce ka shigo. Sannan ka rubuta abin da ke ciki a 'yar takarda ka liƙa, musamman in akwai gyaɗa, ko man gyaɗa, ko ƙuli a yajin, don akwai waɗanda gyaɗa ke kai su asibiti, wasu kuma ba sa cin nama sam. Ka sa a kwanon da kake so a dawo maka da shi.